Hoton Inna Ninki Arba'in

Hoto ɗaya tak Inna ta bari a duniya, shi ma ba da son ranta ba. An ɗauke ta ne don takardun aikin Hajji, tafiyar da Allah bai nufe ta da yi ba. Ɗan mitsitsi ne, bai kai kwalin ashana ba. A ciki ta ɗaure fuska kamar mai hoton ya zage ta, mayafi ya cinye rabin goshi, kunnen hagu ya ɗan leƙo. Bayan rasuwarta mun neme shi har muka gaji muka haƙura. Ashe yana wurin Baba, cikin jakar fatar da yake ajiye takardun fansho.

Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a gidan Fulani ya san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina yarinya “waccan” ce ni, da na fara koyarwa na zama “Malama”. In yana son in miƙo masa buta, bango zai duba ya ce, “Yau babu mai ba mutum buta a gidan nan ke nan.” Sunan Inna ma ban taɓa jin sa a bakinsa ba, tana da rai ko bayan ranta. Ranar da aka kai ta makwanci, ya dawo ya zauna a tabarma yana tambayar baƙi farashin dusa. Pulaku ake kiran wannan, kunya da kawaici, kuma da shi muke alfahari. Ni dai yanzu in na ji ana yabon sa sai in tashi in ba mutane wuri.

Lissafi nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati a Jalingo. Ina zaune a Nukkai da maigidana da yara, Baba kuma yana Sunkani tare da ƙanina da matarsa. A duk darussan da nake yi babu wanda nake so kamar na ninka siffa. Za ka ja layi biyu a takardar giraf, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, inda suka haɗu nan ne cibiya. Kowane ɗigo yana da lamba biyu: taku nawa ya yi gefe daga cibiya, taku nawa ya hau sama. In kana son siffa ta girma, sai ka zaɓi ninki. A ce biyu. Ɗigon da ke taku biyu gefe, uku sama, zai koma huɗu da shida. Haka za ka bi kusurwa kusurwa, ka haɗa su da rula, sai ga siffarka ta fito da kamanninta sak, girma kawai ta ƙara. Cibiya ce kaɗai ba ta motsawa. Kowace shekara kuma sai na yi faɗa a kan abu ɗaya. In na ba da ninkin rabi ko na kwata, rabin aji sai sun zano mini ƙatuwar siffa, domin a kansu ninki ƙari ne kullum. Nakan buga tebur in ce, “Ku dinga duba abin da aka tambaye ku kafin ku ɗauki rula!” Ni da bakina nake faɗin haka.

Idon Baba ya fara ba mu mamaki shekara biyu bayan Inna. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana malamin dabbobi, yana hango saniya marar lafiya daga bayan garke, sai ga shi yana tuntuɓe da turmi a tsakar gida. Mutum zai tsaya a gefensa ya yi sallama, sai ya zabura kamar an jefe shi. Amma ka ba shi katin waya, zai karanto maka lambobin nan ƙanana tsaf, ya zura zare a allura, ya cire kaska daga kunnen akuya. Muka mayar da abin wasa. Ƙanina yakan ce tsoho abin da ya ga dama yake gani. Wani mai kyamis ya leƙa idon ya ce yanar ido ce, a bari ta nuna tukuna, in masu aikin ido kyauta sun zo a cire ta. Muka zauna muna jiran yanar ta nuna kamar mangwaro.

Wata Asabar na je gaishe shi, matar ƙanina ta ja ni bayan madafa tana raɗa.

“Adda, kin san hoton Inna yana wurin Baba?”

Ta ce kullum da hantsi, in gida ya yi shiru, yakan zauna a gindin mangwaro ya fito da shi. Ba ya kawo shi kusa da fuska. Miƙe hannu yake yi iyakar tsawonsa, ya riƙa yawo da shi a hankali, sama, ƙasa, dama, hagu, har ya tsaya cak a wuri ɗaya. Sai ya daɗe a haka. In ya ji motsi ya cusa shi a aljihu ya hau tari.

Tausayi ya kama ni har na kasa cin abincin rana. Nan take kuma na yanke hukunci, irin na malamai, ba tare da na tambayi kowa ba: hoton ya yi masa ƙanƙanta, shi ya sa yake lalube. Ido yana tafiya, dole kafin ya tafi ya ga fuskar matarsa da kyau. To ta yaya zan ce masa ya ba ni? In na nuna na san yana kallon hoton, kunya za ta sa ya daina har abada. Na sa matar ƙanina ta zaro mini shi daga jakar yana masallaci. Na ce mata kwana uku zan dawo da shi.

Na fara kai shi wurin wani mai wanke hoto a Kasuwar Jalingo. Ya juya shi ya ce, “Madam, wannan ya yi ƙarami. In na ja shi zai fashe, ba ruwana.” Na ce ya ja. Ya fito da wani abu kamar an watsa kunu a takarda, ba ido ba hanci. Na biya shi ina masifa, shi kuma yana ta cewa ai ya gaya mini. A cikin keke, hanyar gida, na ce da kaina to mene ne amfanin ilimina? Abin da nake koya wa 'ya'yan mutane shi zan yi wa ubana.

A teburin cin abinci na yi aikin, bayan la'asar. Ina buƙatar layuka a kan fuskar don in karanta lambobin. Kwafin inji ya fito baƙi ƙirin. Fensir ya ƙi kama takardar hoton saboda santsi. Raina ya ɓaci, na ɗauki jan biro da rula na danna. Na ja layin tsaye daga goshi zuwa haɓa, na ja na kwance daga kunne zuwa kunne, suka haɗu a kan karan hancinta, cibiya ke nan. Sannan na cika sauran da ƙananan layuka. Sai da na gama na ɗaga kai na ga abin da na yi wa hoto ɗaya tilo na uwata. Na lallashi kaina cewa in babban ya fito babu mai sake neman wannan.

Mutane za su ce me ya hana ki ɗauke shi a waya ki mayar masa da kayansa? Na ɗauka. Abin da ya hana ni mayarwa shi ne layukan nan. Ba ni da fuskar da zan miƙa shi a haka sai da wani abu mafi kyau a ɗaya hannun. Kwana uku suka zama mako uku.

Ɗigo tamanin da wani abu na fitar: kusurwar ido, gefen leɓe, inda mayafi ya karya, lanƙwasar kunne. Na rubuta lambobin kowanne a littafi, na ninka da goma, na dasa su a farin kwali, na haɗa. Wallahi da na ja layin ƙarshe na ja da baya, Inna ce. Har ɗaure fuskar nan ta fito. Na yi kuka a kan teburin, maigidana ya shigo ya ga kwalin ya yi salati. Na ji a raina ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Na kai Sunkani na jingina shi a jikin mangwaro, dab da tabarmar Baba. Ban ce komai ba, domin ba a cewa. Ya juyo ya fuskanci kwalin. Na ga kansa yana motsi, sama, ƙasa, gefe, kamar mai bin ƙuda da ido. Ya daɗe.

“Boɗɗum,” ya ce wa iska. “A ce wa Malama useko.”

Ya yi kyau, an gode. Na koma Jalingo ina jin kaina a sama. Bayan mako guda ƙanina ya kira ni ya ce kwalin yana bayan ƙofa, tsoho bai sake waiwayar sa ba. Da hantsi yana zama a gindin mangwaro hannu wofi. Ya ce ya matsa masa da tambaya ko ya gane wace ce, sai ya ce, “Na ga kunne.”

Kunne! Mako uku ina ƙirga ɗigo, mutum ya ce ya ga kunne. Na ce to layukan ne suka yi siriri, kuma girman bai isa ba. Na koma littafina na ninka da ashirin, a kan farin yadi, da baƙin alƙalamin maka mai kauri. Wannan karon da aka shimfiɗa masa, aka ce ya ce ya ga wani abu kamar bakin kwarya. Leɓenta ne.

A tsakanin nan ne ya aiko da saƙo, sau ɗaya tak. Ƙanina ya ce, “Adda, Baba ya ce a tambaye ki ko kin tsinci wata 'yar takarda da ta faɗi daga jakarsa.” Ya san komai ke nan, tun ranar farko. Ni kuwa a gajiye nake, ga jarrabawa ga makin takardu, ga haushin ba a yaba mini ba. Na ce, “Ka ce masa tana wurina, aiki nake da ita. In na gama zan kawo.” Bai sake tambaya ba. Damina ta shigo ta yi nisa, hoton yana cikin jakata tare da alli da makullai, yana bi na makaranta yana dawowa.

Da aka yi dogon hutu na ce wannan karon sai ya gani ko yana so ko ba ya so. Na sa kafinta ya yanko mini falankin katako mai tsawon ƙofa, na shafe shi da farin fenti, na ninka da arba'in. Idonta kaɗai ya kai tafin hannuna. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce mala'iku ba sa shiga gida mai irin wannan, na ce mata ta kula da mala'ikun gidanta. Da kyar aka ɗaure shi a kan mota zuwa Sunkani, muna tafe ina roƙon Allah kada ruwa ya sauko. Aka kafa shi a tsakar gida, jikin bangon ɗakin Baba. Yaran unguwa suka cika ƙofa suna kallo. Kowa ya ga Inna ranar, har masu wucewa a hanya. Baba ya tsaya a gabansa, ya miƙa hannu ya taɓa fentin, ya ce an sha aiki.

Kwana huɗu bayan haka ya fito alwala ya yi karo da gefen katakon, goshinsa ya tsage. Wannan ne ya sa muka daina jiran yanar ta nuna, muka kawo shi asibitin ido a Jalingo. Wata biyar ke nan da ɗauke hoton.

Likitan ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma ban taɓa jin bayanin da ya shige ni kamar nasa ba. Ya gama aune-aunensa, ya sa aka fita da Baba baranda, ya ce da ni da ƙanina mu zauna.

“Wannan ba yana ba ne. Hawan jini na ido ne. Ya ci jijiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Me ya sa ba ku kawo shi da wuri ba?”

Ya ɗauki takarda ya naɗe ta kamar bututu, ya miƙo mini. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa da ɗayan.

“Duba fuskana. Me kin gani?”

“Hanci,” na ce.

“To duba wannan.” Ya ɗaga murfin kwalbar magani daga nesa. Na gan shi duka, har rubutun da ke kansa.

“Haka Baba yake gani tun shekara biyu. Gefe ya mutu, tsakiya ne ya rage. Ramin yana ƙara tsukewa. Yanzu na dama ya rufe, na hagu saura kaɗan.”

Bututun yana idona na tambaye shi, “Likita, in ana so ya ga abu, babba ya fi ko ƙarami?”

“Ƙarami, madam. Ƙarami, a ɗan nesa. Babban abu ba zai shiga ramin ba.”

Ban san lokacin da takardar ta faɗi daga hannuna ba. Miƙe hannun da yake yi a gindin mangwaro, da yawo da hoton har ya tsaya cak, ba lalube ba ne na wanda ya kasa gani. Saita ta yake yi a cikin ɗan ramin da ya rage masa, kuma tana shiga cif, daga mayafi har haɓa. Duk duniya babu hoton da ya dace da idonsa kamar wannan. Ni na ɗauke shi, na ba shi kunne, na ba shi leɓe, na ba shi katakon da ya fasa masa goshi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Ban taɓa zaton za a wayi gari maganar ta zama labarina kai tsaye ba, kuma idon ma ba nawa ba.

Na fita baranda. Yana zaune a benci, filasta a goshi, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Na zazzage jakata a ƙasa, alli da makullai suka watse, na ɗauko hoton na sa masa a tafin hannu. Ya shafa shi ya gane. Bai damu da mutanen da ke kai da kawowa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya miƙe hannu iyakar tsawonsa, ya karkata kai don idon hagu, ya fara yawo da shi. Sama, ƙasa. Ya tsaya, ya sake motsawa, ya sake tsayawa.

“Wa ya kewaye ta da waya?” ya ce.

Ramin ya riga ya tsuke, ba ya ɗaukar fuskar duka. Ɗan abin da yake ɗauka kuma jan layi ne ya ratsa shi, ko'ina ya kai.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, ba zan ce ban yi ba. Na goga ɗan sifirit a kusurwa ɗaya, jan ya tafi tare da mayafin, na bari. Na koma littafina na ɗauki lambobin asali na raba su biyu, ninkin rabi, wanda nake zagin yara a kansa. Na zana ta a kati kamar farcen babban yatsa, da fensir mai tsini, ba layi ko ɗaya a fuskar. Kwana tara na yi ina ɓatawa ina sakewa. An ba shi maganin ɗigawa safe da yamma, likita ya ce zai rage gudun ciwon ne kawai. Ranar da na kai katin ya riƙe shi a nesa ya daɗe, sannan ya ce yau akwai hazo, a bari sai rana ta fito. Rana tana tsaka a lokacin, har inuwar mangwaron ta tattare a gindinsa.

Kafin kaka ta shigo idon hagu ya bi na dama.

Sau ɗaya na karya al'ada na yi masa magana gaba da gaba. Mu biyu ne a gindin mangwaro. Na durƙusa a bakin tabarma na ce, “Baba, me ya sa ba ka ce in dawo maka da shi ba? Da ka ce ƙaramin kake gani, wallahi a ranar zan kawo.”

Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, karo na farko a rayuwata, yanzu da ba ya ganina.

“Ke ce ta fari,” ya ce. “Da wane baki zan ce miki ina kallon uwarki?”

Har yanzu ina koyar da darasin, domin yana cikin manhaja kuma ana kawo shi a jarrabawa. Ina ja layi biyu a allo, in nuna cibiya, in ba da ninkin rabi. Rabin aji su zano ƙatuwar siffa. Na daina buga tebur. Katakon yana bayan gida a Sunkani, an kwantar da shi an rufe akurkin kaji da shi, ruwan sama yana cin fentin. Ban hana ba.

Hoton yana wurinsa. Matar ƙanina ta ce da hantsi har yanzu yana fito da shi, ya miƙe hannu iyakar tsawonsa kamar da. Na je wata Asabar na tarar da shi a haka, bai ji shigowata ba. Bayan hoton yake fuskanta, farar takardar, fuskar Inna da jajayen layukana suna kallon tsakar gida. Na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin in je in juya masa shi. Na ga ko na juya babu abin da zai canza, sai dai ya san na gani. Na koma zaure a hankali, na tsaya har na ƙirga ashirin, sannan na ɗaga murya na yi sallama don ya samu lokacin sa shi a aljihu.